Asibitin gunduma zai iya yin binciken lafiya? Ta ina ake farawa?

Tambaya: Wani matashin likita da ke aiki a wani asibitin gunduma a jahar Maraɗi ya rubuto yana cewa: "Kullum muna cike da marasa lafiya, daga ɗakin yara zuwa gidan haihuwa da ɗakin tiyata. Ni da abokan aikina muna son mu yi bincike a kan abin da muke gani, amma ba mu da masu tallafi, ba mu da babban ɗakin gwaje-gwaje. Ana iyawa? Ta ina za mu fara?"

Amsa:

Ana iyawa, likita, kuma ba sai an je nesa neman shaida ba. A gundumar Madarunfa, nan jahar Maraɗi, aka gwada rigakafin zawon rotabairos mai jure zafi, wanda kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa. An ba jarirai ɗigo uku, a sati na 6, na 10 da na 14, kuma sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ya rage zawo mai tsanani da wannan ƙwayar ke kawowa da kusan kashi 67 cikin 100. A shekarar da ta biyo baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. A Madarunfan nan kuma, tsakanin 2012 da 2013, aka raba yara kusan 2,400 masu tamowa mai tsanani wadda ba ta haɗu da wata matsala ba gida biyu: wasu aka ba su amokisilin na kwana 7, wasu aka ba su kwaikwayon magani. Waɗanda suka murmure sun kai kusan kashi 66 a ɓangaren magani, kusan kashi 63 a ɗayan, bambancin da bai isa a kafa hujja da shi ba. Wani bincike da aka yi a Malawi kafin wannan ya sami amfanin maganin. Yaran Malawi da na Madarunfa ba halinsu ɗaya ba, shi ya sa amsar ta bambanta, shi ya sa kuma ba za mu zauna muna jiran wasu ƙasashe su amsa mana tambayoyinmu ba.

Sai dai waɗannan ayyuka biyu cibiyar binciken lafiya ta Epicentre da ke Maraɗi ce ta tsaya musu, da kuɗi da motoci da ɗimbin ma'aikata. Kada ka auna kanka da su. Abin da ke hannunka, wanda kuma yake da daraja sosai, shi ne bin marasa lafiyarka tun daga shigowarsu har ƙarshen lamarinsu, kana rubuta abu iri ɗaya a kan kowa, ba tare da ka canza maganin da ake ba su ba. Da wannan ake farawa.

Tambayar ita ce rabin aikin. "Nazari a kan ciwon ciki a asibitinmu" ba tambaya ba ce, take ne kawai. Tambaya ta gari tana faɗin su wane, me za a auna, kuma zuwa yaushe. Ɗauki hujewar hanji da zazzaɓin taifot ke jawowa, wadda kowane mai tiyata a wannan yanki ya san ta: "Cikin waɗanda aka yi wa aiki saboda hujewar ƙaramin hanji a asibitinmu cikin wata 12, nawa ne suka rasu kafin kwana 30, kuma jinkirin shiga ɗakin tiyata yana da hannu a ciki?" Wannan tambaya tana gaya maka abin da za ka rubuta: shekaru, ƙauye da nisansa, kwana nawa ciki ya yi yana ciwo, inda aka fara zuwa (gidan mai maganin gargajiya, mai tallan ƙwayoyi, ko CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya da ke ƙasa da asibitin gunduma), ƙarfe nawa ya iso, ƙarfe nawa aka sa wuƙa, yawan jininsa kafin aiki, huji nawa aka tarar, nisan hujin daga inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba, da abin da aka yi: ɗinke hujin, yanke ɓangaren a haɗa, ko fito da bakin hanji ta fatar ciki. Duk wannan shafi ɗaya ne. Idan takardarka ta kai shafi huɗu, ma'aikacin dare ba zai cika ta ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Gidan haihuwa da ɗakin yara suna da nasu tambayoyin masu wannan siffa. Minti nawa ke wucewa tsakanin yanke shawarar yi wa mace aiki da fito da jariri? Awa nawa yaro mai ƙarancin jini saboda masassarar cizon sauro yake jira kafin ledar jini ta hau? Masu sikila nawa ne ke dawowa kwanciya cikin wata uku? Ka zaɓi ɗaya. Asibitin da ya fara da bincike uku a lokaci guda yakan ƙare da akwatuna uku na takardun da ba a cika ba.

Da yawa sukan fara da tsofaffin rajistoci saboda ya fi sauƙi, kuma ɗaliban likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi sukan bi wannan hanya wajen rubuta kundin kammala karatu. Ba haramun ba ne, amma ka san raminsa. Takardun da suka ɓace ba haka kawai suke ɓacewa ba. Na wanda ya rasu cikin dare, na wanda ƴan'uwa suka ɗauke ba sallama, na wanda aka tura gaba cikin gaggawa, su ne suka fi ɓata, kuma su ne mafi munin ƙarshe. Idan ka cire su saboda "ba su cika ba", adadin mace-macenka zai fito ƙarami, ka yi murna da ƙarya. Mafita ita ce ka ƙirga adadin gaskiya daga wata majiya dabam, kamar littafin ɗakin tiyata ko na mai ba da maganin barci, sannan ka faɗi a fili takardu nawa ka samu cikin nawa.

A nan nake son in daɗe, domin a nan ne yawancin bincikenmu ke karyewa: abin da ke faruwa bayan mara lafiya ya bar ɗaki. Babban binciken tiyata na Afirka da aka buga a 2018, wanda ya bi mutum fiye da 11,000 a ƙasashe 25, ya gano kusan ɗaya cikin biyar yana samun matsala bayan aiki, kashi 2 cikin 100 suna rasuwa, kuma mafi yawan masu rasuwar ba a ranar aikin suke rasuwa ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Wannan a cikin asibiti ke nan. Ruɓar wurin aiki kuwa ana ƙirga ta har kwana 30, alhali macen da aka yi wa aikin haihuwa ta koma gida tun kafin sati ya cika, ana shirin suna. Idan ruwa ya fara fita daga ɗinkin a kwana na goma, CSI mafi kusa za ta je, ko ta zauna gida ana gasa mata. A littafinka tana nan a matsayin wadda ta warke.

Saboda haka ka tsara bibiyar tun ranar shigowa. A karɓi lambar salula biyu ko uku, a kira ɗaya nan take a gaban mai ita don a tabbatar tana shiga. A rubuta wayar wa ce, domin sau da yawa ta maigida ce, shi kuma da rani ya tafi ci-rani Kano ko Legas. A rubuta sunan ƙauye da unguwa da sunan mai gari da CSI da ke kula da su. Masu zuwa daga ƙetaren iyaka, ta wajen Ɗan Isa da Jibiya, a nemi lambarsu ta can da ta wani ɗan'uwa na nan. A yi kira a kwana na 7, na 14 da na 30, da tambayoyi iri ɗaya ga kowa: wurin ya yi ja ko ya kumbura? Ruwa ko mugunya na fita? Ɗinki ya buɗe? Akwai zazzaɓi? An je wani wuri neman magani? Mace ta kira mata, ya fi samun gaskiya. Wanda aka rasa bayan kira uku a ranaku dabam-dabam, a bi ta majo, wato shugaban CSI ɗinsu, ko ta ƴan sa-kai na lafiya na ƙauyen. Wanda duk da haka ba a same shi ba, a rubuta "ba a samu ba", kada a taɓa rubuta "lafiya lau". Idan waɗanda suka ɓace maka sun haura ɗaya cikin biyar, duk mai karatun da ya san aiki zai yi shakkar sakamakon.

Akwai kuma matsalar gane mutum. A wata guda za ka kwantar da Hasana biyar, uku ba su san shekarar haihuwarsu ba. Ba kowa lambar bincike tun daga ƙofa, ta bi shi ɗakin gwaji, wurin jini, ɗakin tiyata da ɗakin kwanciya. A rubuta ta a kati a ba shi ya tafi da shi. Shekarun yara ƙanana a ɗauko daga katin rigakafi. In babu, a kimanta da kalandar abubuwan da kowa ya sani, kamar azumi, layya ko kaka, a kuma sa alama cewa kimantawa aka yi.

Mutum nawa ake buƙata? Lissafin ba shi da wuya. Idan kana zaton kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki wurin yana ruɓa, kana kuma son kuskurenka kada ya wuce maki 5 sama ko ƙasa, ka ninka 1.96 da kansa, ka ninka da 0.2, ka ninka da 0.8, ka raba da 0.0025. Zai ba ka 246. Idan kana tsammanin rasa kashi 15 wajen bibiya, raba 246 da 0.85, ya zama 290. In ba ka da wani zato ko kaɗan, sa rabi da rabi, za ka sami 385. Kwatanta hanya biyu ya fi cin mutane: don a ga saukowa daga kashi 20 zuwa 10 ana buƙatar kusan 200 a kowane ɓangare. Duba littafin bara. Idan irin wannan aiki 60 kuke yi a shekara, to kwatance ba naku ba ne ku kaɗai. Ku haɗa kai da asibitocin Tasawa, Dakwaro, Gidan Rumji ko Mayahi, kowa ya yi aiki da takarda iri ɗaya. Kuma kowane adadi ka samu, ka shimfiɗa shi a wata 12. Ɗakin yara na watan Satumba, lokacin da masassara da tamowa suka haɗu, ba shi ne na watan Fabrairu ba, kuma hanyar da mota ke bi da rani ba ita ce ta damina ba.

Kafin a cika takarda ko ɗaya, a rubuta tsarin binciken duka: tambaya, waɗanda za a ɗauka da waɗanda ba za a ɗauka ba, ma'anar kowane abu da za a auna, adadi, da yadda za a yi lissafi. A kai wa shugaban asibiti da hukumar lafiya ta jaha, sannan a miƙa wa kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya da ke Yamai. Ko tsofaffin takardu kawai za a duba, a nemi izini; mujallu masu mutunci ba sa karɓar aikin da ba shi da shi, kuma ba a ba da shi bayan an gama. Idan gwajin magani ne ko na wata hanyar aiki, sai an yi masa rajista a kundin gwaje-gwaje na Afirka, PACTR, kafin a ɗauki mutum na farko.

Neman yardar mara lafiya ba sa hannu ba ne kawai, kuma mutanen wannan yanki suna da dalilin yin tambaya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, an gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko iyaye sun san gwaji ake yi. Labarin ya ƙetare iyaka, kuma har yau yana cikin abin da ke sa uwa ta riƙe ɗanta idan ta ji an ce "gwaji". Don haka a yi bayani da Hausa, ko Fulatanci ko Buzanci ga mai jin su, a wuri keɓe, ba a bakin ɗakin tiyata mutum na murƙususu ba. Abu uku dole su fito fili: wannan bincike ne, ƙin shiga ba zai rage kulawar da za a ba ka ba, kuma kana iya fita ko yaushe. Bayan bayani a ce mutum ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Wanda ba ya karatu ya dangwala yatsa a gaban shaidar da ba ma'aikacin binciken ba. Mace za ta so ta shawarci mijinta, a ba ta lokaci da waya ta yi hakan; amma yardar miji ba ta maye gurbin tata, kuma idan ta ce a'a, magana ta ƙare. Yaron da ya yi wayo a tambaye shi shi ma bayan iyayensa. Likitan da zai yi aikin ya fi kyau kada ya zama shi ne mai neman yardar, don mutanenmu suna jin nauyin ce wa likitansu a'a.

Ɗibar jini ita ce ta fi jawo jita-jita. A nuna wa uwa kwalbar, a gaya mata yawan da za a ɗiba da abin da ta sani: mililita 2 bai kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba, yaro mai kilo 10 kuwa yana da kusan mililita 800 a jikinsa. A gaya mata inda jinin zai je da abin da za a yi da ragowarsa. Kuɗin mota na dawowa bibiya a biya shi daidai da abin da aka kashe. Idan ya yi yawan da talaka ba zai iya ƙin karɓa ba, ya zama saye.

Awo kuma sai an yi hattara. "Ta zubar da jini da yawa" ba awo ba ne. Ido yana rage ƙiyasi, musamman idan zubar ta yi yawa. A yi amfani da ledar shimfiɗa mai ma'auni, ko a auna zannuwa da auduga a sikeli a cire nauyinsu na bushe, giram ɗaya a matsayin mililita ɗaya, iyaka kuma mililita 500 ce bayan haihuwa. Binciken E-MOTIVE na 2023, a asibitoci kusan 80 har da na Nijeriya, ya nuna wannan leda tare da ba da magunguna gaba ɗaya da wuri sun rage mummunan sakamako da kusan kashi 60. Sikelin yara a gwada shi kowace safiya da abu mai sanannen nauyi. Masu auna damtse su auna yara goma iri ɗaya a kwatanta, domin jan igiya da ƙarfi kaɗan yana tura yaro ƙasa da milimita 115, iyakar da ake kiran tamowa mai tsanani. Kada a kira ciwo taifot saboda gwajin Widal kaɗai, yana yawan nuna akwai alhali babu. A rubuta abin da aka gani a cikin ciki. Firijin kayan gwaji a rubuta sanyinsa safe da yamma, tsakanin digiri 2 da 8, saboda ɗaukewar wuta a watan Afrilu na iya lalata kayan wata guda ba wanda ya sani. Agogon gidan haihuwa da na ɗakin tiyata a daidaita su, in ba haka ba mintocin da kake ƙirgawa na banza ne.

Idan wata rana kuka kai ga kwatanta hanya biyu, rabon ya zama na ƙuri'a ta gaskiya: jerin da kwamfuta ta fitar, a ambulan masu kauri, a liƙe, da lamba bi da bi, a hannun wanda ba ya duba marasa lafiyar. "Yau wannan, gobe wancan" ba ƙuri'a ba ce, domin likita ya san abin da ke tafe, kuma tausayi zai sa ya karkatar da mai tsananin ciwo wajen da ya fi yarda da shi. Kada kuma a ce abu a bayyane yake ba sai an gwada ba. Kowa ya yi imani ƙarin ruwa da sauri yana ceton yaro mai zazzaɓi da jini ba ya zagaya jikinsa yadda ya kamata, sai gwajin FEAST na 2011 a Yuganda, Kenya da Tanzaniya ya nuna kusan kashi 10.5 na waɗanda aka yi wa hakan sun rasu cikin awa 48, a kan kashi 7.3 na waɗanda ba a yi wa ba.

Ajiyar bayanai ba ta buƙatar kuɗi. Manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ana samunta kyauta, kuma tana aiki a salula ko babu intanet. A fara gwada takardar a kan mutum goma a gyara ta. A shigar da bayanai kowane sati, mutum biyu dabam-dabam idan da hali, a kwatanta. Gurbin da ba a sani ba kada a sa masa sifili. Sunaye da lambobin waya su zauna a littafi guda cikin akwati mai makulli, kwamfuta lamba kawai za ta gani, kuma hoton takardar mara lafiya ko na rauninsa ba ya shiga zauren WhatsApp. Abin da zai ci kuɗi shi ne buga takardu, katin waya, kuɗin motar masu dawowa, da ɗan alheri ga wanda aka ɗora wa bibiya.

Tun farko a zauna a yanke sunayen da za su fito a rubutun da jerinsu. Ungozoma da ma'aikacin jinya da mai ɗakin gwaji da suka yi aikin suna da haƙƙi a ciki, kuma rigimar suna ta kashe ayyuka masu kyau. Sakamakon da bai nuna bambanci ba shi ma a buga shi. A yi hankali da mujallun da ke aiko saƙo suna alkawarin bugawa cikin sati idan an biya. A nemi malaman tsangayar lafiya ta jami'armu ta Maraɗi su duba lissafin su kuma nuna inda ya dace, akwai mujallun Afirka masu karɓar Faransanci. Kafin a aika ko'ina, ma'aikatan ɗakin su fara jin abin da aka samu, sannan masu gari da kwamitin lafiya na ƙauyukan da mutanen suka fito.

Ga gwajin da za ka yi a ƙarshen watan farko. Ɗauko littafin ɗakin tiyata ka ƙirga duk waɗanda suka cancanci shiga, sannan ka ƙirga takardun da ke hannunka. Idan littafi ya ce 22 kai kana da 15, nemo bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya ka duba ranar da lokacin zuwansu. Galibi za ka tarar na dare ne da na Asabar da Lahadi, lokacin da mai cika takardar ba ya nan, kuma su ne suka fi jinkiri da tsanani. Sai a ajiye takardun a inda masu aikin dare ke zama, a koya wa mutum ɗaya a kowane rukunin masu kwana, a riƙa ƙirga su tare wajen miƙa aiki da safe.